Ina 'Yan Ajin Suka Kwana? Yadda Zumuncin Tsofaffin Ɗaliban Ponty Ya Shafi Hanyar Fatake

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar dattawa a Zangon Lome bayan sallar la'asar ya san da wuya a tashi hira ba a yi tambayar nan ba: "Wai ina wane yake yanzu?" Sai ka ji an ce wane yana kwastan a Cinkassé, wane ya koma Maraɗi yana harkar albasa, wane kuma Allah Ya yi masa rasuwa bara. Wannan al'ada ta ƙara ƙarfi tun shekarar 1977, lokacin da hukuma ta rushe tsohon Zango da ke tsakiyar birni ta mayar da mutane Agoè, a bakin babbar hanyar da ta nufi arewa. Waɗanda suka yi makaranta ɗaya suka warwatsu, aka koma neman labarin juna a bakin direbobi da fatake.

To yau irin wannan tambayar za mu yi, amma a kan wasu 'yan makaranta da makomarsu ta shafi aljihun duk ɗan kasuwar da ke sauke kaya a tashar jirgin ruwa yana kai wa Nijar. Su ne tsofaffin ɗaliban kwalejin horar da malamai ta William Ponty da ke ƙasar Senigal.

Turawan Faransa ne suka kafa makarantar a birnin Saint-Louis a shekarar 1903, suka mayar da ita tsibirin Gorée a 1913, daga bisani kuma ta koma Sébikotane. A nan ake tara yara masu hazaƙa daga dukkan ƙasashen da Faransa ke mulka a Afirka ta Yamma, a horar da su su zama malamai da akawu. Mai karatu na Nijeriya zai iya kwatanta ta da Kwalejin Katsina, wadda ta zama Barewa, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu.

Cikin waɗanda suka zauna a Gorée a shekarun 1930 akwai samari uku sa'o'in juna: Diori Hamani daga Nijar, da Hubert Maga daga Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yau, da Modibo Keita daga Mali. Diori da Maga duk an haife su a 1916, kuma a makarantar suka ƙulla abota. Dukkansu uku sun fara da riƙe alli a aji, kuma a shekarar 1960 kowannensu ya zama shugaban ƙasarsa na farko. Yayansu a makarantar, Félix Houphouët-Boigny, wanda ya riga su shiga, shi ma ya zama shugaban Kwaddibuwa.

Wannan sanayya ta yi wa 'yan kasuwa rana. A 1959 Houphouët da Diori da Maga, tare da Maurice Yaméogo na ƙasar da ake kira Barkina Faso a yau, suka kafa ƙungiyar haɗin kai ta Conseil de l'Entente, wadda Togo ta shiga a 1966. A wannan shekara ta 1959 ne kuma Nijar da Dahomey suka kafa hukuma guda mai kula da jirgin ƙasa da sufuri. Kaya su sauka a Kwatano, jirgin ƙasa ya kai su Parakou, garin da aka haifi Maga, daga nan manyan motoci su ɗauka zuwa Malanville, su haye gada su shiga Gaya. Gyaɗar Nijar ma ta wannan hanya mai yawa take fita.

Sai dai hanyar da ta jingina da zumuncin mutum biyu tana iya girgiza idan ɗaya ya gusa. A watan Oktoba na 1963 sojoji ƙarƙashin Christophe Soglo suka kifar da Maga. Kafin shekarar ta ƙare rigima ta ɓarke tsakanin ƙasashen biyu, har da batun tsibirin Lété da ke cikin kogin Kwara. Nijar ta kori ma'aikata 'yan Dahomey da iyalansu, ita kuma Dahomey ta toshe wa kayan Nijar hanya. Talaka da ɗan kasuwa su suka sha wuya. Sai a 1965 aka sasanta a inuwar ƙungiyar Entente. Shi kuwa tsibirin, sai a watan Yuli na 2005 Kotun Duniya da ke Hague ta yanke cewa na Nijar ne.

Ba kullum ne zama a makaranta ɗaya ke haifar da shiri ba. Djibo Bakary, wanda ya shugabanci jam'iyyar Sawaba, shi ma ɗan Ponty ne, kuma ɗan'uwan Diori ne. Ya zama magajin garin Yamai a 1956, ya jagoranci gwamnati, sannan a ƙuri'ar raba gardama ta 1958 ya ce a'a ga Janar de Gaulle. Ya sha kaye, aka haramta Sawaba a 1959, ya yi gudun hijira shekara da shekaru a Mali da Ghana da Gini. Magoya bayansa da yawa ƙananan 'yan kasuwa ne da direbobi da 'yan ci-rani masu zuwa bakin teku, kuma da dama sun ɗanɗana kurkuku bayan tarzomar 1964.

To ina suka kwana? Modibo Keita sojoji suka kifar da shi a watan Nuwamba na 1968, ya rasu a tsare a 1977, shekarar da aka tashi Zangon Lome. Diori Hamani, Seyni Kountché ya hamɓarar da shi ranar 15 ga Afrilu, 1974, ya yi shekaru a tsare, ya rasu a Rabat ta ƙasar Maroko a 1989. Maga ya dawo mulki a 1970 cikin majalisar shugabanni uku, amma bayan juyin mulkin Mathieu Kérékou na 1972 aka tsare shi har 1981, ya rasu a Kwatano a shekarar 2000. Djibo Bakary ya koma gida bayan faɗuwar Diori, aka sake ɗaure shi, ya rasu a Yamai a 1998. Houphouët ne kaɗai ya cika a kan kujerarsa, a watan Disamba na 1993.

Wani zai ce ai wannan tsohon labari ne. Amma idan ba a manta ba, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Nijar, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe gadar Malanville kamar yadda aka yi shekara 60 da suka wuce. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma Nijar ta bar nata a rufe. Kaya da yawa suka karkato tashar Lome, suna bin Cinkassé su ratsa Barkina Faso ta Kaya da Dori, su shiga Téra da rakiyar sojoji. Hanyar ta fi tsawo, ta fi tsada, ta fi haɗari.

A irin wannan hali, waɗanda suka fi samun sauƙi su ne masu mutum a kowane zango: mai masauki a Lome, tsohon abokin karatu a ofishin fiton kaya, amini a Gaya da zai faɗa maka gaskiyar halin da hanya take ciki kafin ka ɗora kaya. Saboda haka, ɗan'uwa ɗan kasuwa, kada ka bari sai ranar da motarka ta maƙale a kan iyaka sannan ka tuna da wanda kuka zauna benci ɗaya. Ka neme shi tun yana lafiya, ka je sunan ɗansa, ka yi masa gaisuwa in ya yi rashi. Hausawa dai sun ce zumunci a ƙafa yake.