Shekarar 999 da Matsalar Ƙidayar Zamanin Sarakuna

Duk wanda ya karanta tarihin ƙasar Hausa a makaranta, a Kano ne ko a Unguwar Shanu ta Kaduna, ya ji an ce Bagauda ya hau sarautar Kano a shekarar 999 Miladiyya. An maimaita adadin nan har ya zama kamar wani ne ya gani da idonsa ya rubuta. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa adadin sakamakon lissafi ne, kuma irin lissafin da masu binciken Littafi Mai Tsarki na Yahudawa da Kirista suka daɗe suna gardama a kansa.

Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya jero sarakuna 48, daga Bagauda zuwa Muhammadu Bello, yana faɗin shekarun da kowanne ya yi a kan gado. Bai faɗi shekarar da Bagauda ya hau ba. H. R. Palmer ne, da ya buga fassararsa ta Turanci a 1908, ya kama daga zamanin da aka tabbatar, ya yi ta ɗebe shekarun sarki bayan sarki yana komawa baya, har ya tsaya a 389 Hijiriyya, watau 999.

Hanyar ba sabuwa ba ce. A 1650 James Ussher, babban limamin coci na Armagh a ƙasar Ailan, ya tara shekarun da ke cikin Littafin Farawa da Littattafan Sarakuna, ya ce an halicci duniya a shekara ta 4004 kafin Miladiyya. Amma ƙidayar Yahudawa ta faro ne daga 3761, ta Rumawan gabas kuwa daga 5509. Babban dalilin wannan tazara shi ne nassoshin kansu ba su daidaita ba. Na Ibrananci ya ce Adamu yana da shekara 130 aka haifi Shitu, tsohuwar fassarar Girkanci ta ce 230. Daga Adamu zuwa Ruwan Ɗufana shekara 1,656 ce a na farko, 2,242 a na biyu.

Misalin da ya fi kusa da matsalarmu shi ne na sarakuna. Bayan rasuwar Sulemanu mulki ya rabu biyu, Rehobowam ya riƙe Yahuza, Yerobowam ya riƙe Isra'ila. Daga baya Yehu ya kashe sarakunan ƙasashen biyu a lokaci guda. Ke nan mafari ɗaya ne, ƙarshe ɗaya, ya kamata jimla ta zo ɗaya. Sai ga shi in an tara na Yahuza shekara 95 ce, na Isra'ila 98. A littafinsa na 1951, Edwin Thiele ya ce ba marubuta ne suka yi kure ba, yadda ake ƙirge ne ya bambanta. Wata fada tana ƙirga ragowar shekarar da sarki ya hau a matsayin shekararsa ta farko, ta haka sai shekara guda ta shiga lissafin sarki biyu. Wata kuwa sai sabuwar shekara ta kama take fara ƙirge. Bugu da ƙari, ba a wata ɗaya shekara take kamawa a ƙasashen biyu ba, sa'an nan wani lokaci ɗa yakan yi mulki tare da ubansa. Don ya sami turken da zai ɗaure lissafin, sai ya koma ga rubuce-rubucen Assuriyawa, waɗanda suka ambaci husufin rana da masana taurari suka tabbatar ya auku a 763 kafin Miladiyya. Duk da haka gardama ba ta mutu ba: Thiele ya sa rabuwar mulkin a 931, W. F. Albright ya sa ta a 922.

To, in muka ɗauki irin tambayoyin nan muka yi wa Tarihin Kano, me za mu gani?

Da farko, wace irin shekara ce? Palmer ya ɗauka dukansu shekarun wata ne, shi ya sa shekara 66 ta Bagauda ta koma 64 a Miladiyya, daga 999 zuwa 1063. Amma Bahaushen da bai san Hijira ba da damina yake ƙirga shekara, damina kuwa rana take bi. Daga hawan Bagauda zuwa hawan Yaji littafin ya ba da shekara 361. In daminu ne, to 999 ta gusa baya da kusan shekara 11. Wannan ƙaramin abu ne.

Babban abu yana cikin adadin kansu. Bagauda 66, Warisi 33, Gijimasu 40, Yusa 60, Naguji 55, Guguwa 44. A ganina duk mai nazarin adabin baka zai tsaya a nan, domin 66 da 33 da 55 da 44 sun fi kama da abin da baki ya gyara don sauƙin riƙewa. Sa'an nan an kira Guguwa ɗan Gijimasu, alhali a lissafin Palmer Gijimasu ya bar gado a 1134, Guguwa ya hau a 1247, tsakani shekara 113, ya kuma yi mulkin shekara 44 a kai. Ko dai shekarun sun yi yawa, ko kuwa "ɗa" a nan jika ko tattaɓa-kunne ake nufi, kamar yadda Hausa ta yarda a ce. Masu binciken Littafi Mai Tsarki sun san wannan sarai, don a farkon Linjilar Matiyu an ce Yoram ya haifi Azariya, watau Uzziya, aka tsallake sarakuna uku a tsakani.

Ko zamanin Yaji bai tsira ba. Tarihin Kano ya sa zuwan Wangarawa a ƙarƙashin Abdurrahman Zaite a zamaninsa, 1349 zuwa 1385. Littafin Asalin Wangarawa, wanda Muhammad al-Hajj ya buga a 1968, ya ce a 835 Hijiriyya suka baro Mali, wajen 1431, ya kuma haɗa isowarsu da zamanin Rumfa. Rumfa ne muke da turke a kansa, saboda Shehu Magili, wanda tarihinsa sananne ne daga wasu littattafai, ya zo Kano ya rubuta masa nasiha wajen 1492. Wannan ya dace da 1463 zuwa 1499 da Palmer ya ba shi. Daga Rumfa zuwa gaba lissafin yana da abin dogara, amma kowane taki aka yi baya, kuren da ke ciki ƙaruwa yake yi.

Saura batun lokacin da aka rubuta littafin. Murray Last, a 1980, ya ga cewa ginshiƙinsa ya samu tun tsakiyar ƙarni na 17. John Hunwick, a 1994, ya ce a zamanin Muhammadu Bello aka tsara shi, ƙarshen ƙarni na 19, daga jerin sunayen sarakuna da abin da aka ji a bakin mutanen fada. In maganar Hunwick ce daidai, to tsakanin Bagauda da alƙalamin da ya rubuta masa shekara 66 akwai kusan shekara 900, bisa lissafin Palmer ɗin kansa.