Kalmar "Filasma" da Talabijin ɗin da A ke Kira da Ita

Duk wanda ya zauna gidan kallon ƙwallo a Boko, ko ya leƙa shagon masu kayan lantarki a Kankiya ko Kusada, ya ji ana kiran kowace talabijin marar ƙeya da suna filasma. Kalmar ta zauna daram a bakin Bahaushe. Da ya ke ba mu da harafin p, kuma ba mu fara kalma da baƙi biyu a jere, sai aka yi mata yadda aka yi wa filasta da firamare. Faɗaɗa ma'anarta ma ba baƙon abu ba ne, gama haka aka mai da Omo sunan kowane garin sabulu. Amma fa wanda ya nemi Omo aka ba shi wani iri, ba ya rasa wanki. Wanda ya nemi filasma kuwa, in bai lura ba, sai ya ɗauko abin da zai shanye masa man janareta.

To, mece ce filasma ta ainihi? Gilashi ne guda biyu, a tsakaninsu akwai 'yan ɗakuna ƙanana bila adadin, cike da wata irin iska. In lantarki ya ratsa iskan nan sai ta fid da haske wanda ido ba ya gani, shi kuma ya bugi wani shafi da ke jikin ɗakin, ya ba da ja, ko kore, ko shuɗi. A Jami'ar Illinois ta Amurka aka ƙago dabarar cikin 1964. Hotonta kyakkyawa ne ƙwarai: baƙinta baƙi ne wuluk, ƙwallo ba ta jan jela in ta na gudu, kuma wanda ya zauna can ƙarshen benci ya na ganin abin da na tsakiya ya ke gani. Aibinta shi ne nauyi, da zafi, da cin wuta. Har ila yau, in alama ɗaya ta daɗe a wuri guda, kamar tambarin tasha, sai inuwarta ta zauna a gilashin. Kamfanonin Panasonic da Samsung da LG duk sun daina ƙera ta kafin ƙarshen 2014. Saboda haka sabuwar da aka fid da daga kwali yau ba filasma ba ce, ko da mai shago ya rantse. Ta ainihin sai a cikin kayan gwanjo.

Abin da ya cika kasuwa shi ne LCD. Ita ba ta yin haske da kanta. Kwatancinta kamar ɗaki ne mai fitila a ciki, da tagogi dubbai, kowace da labulenta. Lantarki ke ɗaga labulen ko ya sake shi, gwargwadon hasken da a ke so ya wuce. Da fari dogayen ƙwayaye sirara a ke sawa a baya, daga bisani aka musanya su da 'yan ƙananan ƙwayayen nan na LED, irin na cocilan. Watau abin da a ke sayarwa da sunan LED ba wani jinsi ba ne dabam, LCD ce aka sake wa fitila. Ba ta da nauyi, ba ta cin wuta sosai, shi ya sa ta fi dacewa da mai dogara da sola ko ƙaramin inji. Sai dai tun da fitilar ba ta mutuwa, baƙinta kan yi toka-toka da dare, kuma a wasu launi kan koɗe ga wanda ya zauna daga gefe.

Ta uku ita ce OLED, wadda kowane ɗigo nata fitilar kansa ne, in an so baƙi sai a kashe shi. Sony ya fid da mai inci 11 cikin 2007, LG ya fid da mai inci 55 cikin 2013. Ta gaji kyawun filasma, ta kuma gaji ciwon nan na inuwa, ga ta da tsada. A nan akwai tarko ga mai karatun Hausa, domin akwai kuma QLED, wadda Samsung ya fara kira da sunan nan cikin 2017, ita kuwa dangin LCD ce. Abacadanmu ba shi da Q, kuma 'yar jela ce kaɗai ta raba shi da O a jikin kwali.

A ganina ba amfani a ce za a ƙwace kalmar filasma daga bakin jama'a. Sunan da kasuwa ta raɗa ba malami ke soke shi ba. Abin da ya kamaci mai saye shi ne ya juya bayan talabijin ɗin ya karanta 'yar takardar da ke manne, inda aka rubuta yawan wutar da ta ke ci, ya gwada da ta wata mai girmanta. In ta gwanjo ce, ya ɗaga ta ya ji nauyi, ya bar ta a kunne ɗan lokaci ya sa tafin hannu kusa da gilashin. In ya ji ɗumi na tasowa, to, ta ainihin ce ya tarar.