Ƙyashi a gindin duwatsun Mandara: ƙwaron da Mubi ke rabawa da Kamaru

Duk wanda ya taɓa kwana a Mubi da zafi ya san yadda jama'a ke fito da tabarmi tsakar gida bayan sallar Isha'i. A wannan lokacin ne ƙyashi ke fita neman jini. Tsawonsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, ba ya kukan da sauro ke yi a kunne, kuma macen ce kaɗai ke cizo. Bahaushe ya ba shi suna ɗaya da hassada, wataƙila domin dukansu a ɓoye suke cin mutum.

Akwai ƙananan ƙwari da dama da ake kira ƙyashi, amma wanda ya dami likitoci shi ne mai ɗauke da cutar Lishmaniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 700,000 zuwa miliyan 1 ne ke kamuwa da ita kowace shekara. Nau'in da aka fi sani a yankin Sahel na fata ne: ƙurji ya fito a fuska ko hannu, ya zama gyambo, ya shafe watanni bai warke ba, sannan ya bar tabo na har abada. Ɗaya nau'in, kala-azar, yana kumbura saifa da hanta, kuma yakan kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa magani ba.

Abin da ya sa maganar ta shafi Mubi shi ne dutse. Garin yana gindin duwatsun Mandara, waɗanda suka miƙe kimanin kilomita 200 a kan iyakar Najeriya da Kamaru. A ɗaya ɓangaren, cikin duwatsun nan dai, garin Mokolo yake, wanda masana suka daɗe da sanin cewa matattarar cutar fatar ce, kuma an kama nau'in ƙyashin da ke yaɗa ta a can. Ƙasa iri ɗaya, damina ɗaya, fatake da masu shanu kuma kullum suna kai-komo zuwa kasuwar Mubi.

Ƙyashi ba ya ƙwai a ruwa, saboda haka yashe magudanai, da ake yi domin sauro, bai dame shi ba. Mazauninsa ramin ɓerayen daji ne, da suri, da tsagar bango, da turken dabbobi, duk inda ke da duhu da ɗan danshi da ruɓaɓɓen ganye. A nan ne duwatsu suka yi masa rana. Gonakin da manoman Mandara ke tokarewa da jerin duwatsu hawa-hawa, irin na Sukur a Madagali da UNESCO ta karrama a 1999, cike suke da irin waɗannan kafofi. Ga shi kuma ba ya iya doguwar tafiya. Tsalle-tsalle yake yi kusa da ƙasa, iska mai ƙarfi ta hana shi tashi. Shi ya sa ƙauye ɗaya zai cika da shi, na bayan tsauni kuma bai san da zamansa ba. Taswirar da aka zana jiha-jiha a ofis a Abuja ba za ta taɓa nuna wannan ba.

Da can ana ganin sanyin tudu kariya ne. Yanzu an samu ƙyashi a gindin duwatsun Alps na arewacin Italiya da kudancin Jamus, kala-azar kuma ta haura tsaunukan Nepal, masana na danganta hakan da ɗumamar yanayi. Rikici ma yana taimaka masa, kamar yadda aka gani a Siriya. Kada a manta cewa a Oktoban 2014, da Boko Haram ta mamaye Mubi, dubban mutane sun gudu cikin duwatsu da Kamaru, suna kwana a fili.

Gano inda yake ba aiki ne mai tsada ba: farar takarda a shafa mata man zurma, a kafa bakin rami da yamma, a ƙirga abin da ya manne da safe. Mubi tana da Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, kuma ɗalibansu za su iya bin ƙauyuka da wannan aiki idan sashen cututtukan da aka yi sakaci da su na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ya ware musu kuɗin mota da na'urar duba ƙwari. Kafin nan, gidan sauro mai magani ne abin dogaro, domin wanda ba shi da magani ƙyashi na ratsa idonsa ya shiga.