Ko Kun Sani? Gara Na Tona Asirin Zinariya

Surin gara na iya nuna inda zinariya take kwance a ƙarƙashin ƙasa. Yayin da gara ke haƙa ramuka, takan kwaso ƙasar ciki ta gina suri da ita, kuma idan akwai ma'adini a wurin, ƙwayoyinsa na biyo wannan ƙasa zuwa sama. A 2012, masu bincike na hukumar kimiyya ta CSIRO a Ostareliya sun tabbatar da haka a yammacin ƙasar, inda suka sami zinariya mai yawa fiye da yadda aka saba samu a surin da ke saman ma'adinin. A Mali da Nijar ma masu neman ma'adinai na ɗibar ƙasar suri don gwaji. Ido ba ya ganin wannan zinariya, amma na'urorin ɗakin gwaji na gano ko da giram 1 ne cikin tan 1,000 na ƙasa. Amfanin dabarar a fili yake: haƙa rijiyar gwaji na cin kuɗi masu yawa, ƙasar suri kuwa tana nuna wurin da ya cancanci a haƙa.