Tsakar gida ma ɗaki ce, kuma gyaranta ba sai da rance ba

Ƴan uwa mata, damana ta wuce, gero ya shiga rumbu, yanzu ne idon mace yake komawa kan gidanta. Duk wadda ta tsaya bakin ƙofar ɗakinta ta dubi tsakar gida za ta ga aikin da ruwa ya bari: gindin katanga ya zaizaye, zana ta yi baƙi ta kwanta, rumfa ta karkace, kujerun ƙarfe sun yi tsatsa igiyarsu ta tsintsinke. Mu mata mun saba zuba kuɗinmu cikin ɗaki, gado da labule da jeren kwanoni, alhali ɗaki kwana kawai muke yi a ciki, lokacin zafi ma ko kwanan ba mu yi. A tsakar gida muke daka, mu yi girki, mu yi wanki da kitso da tuyar ƙuli-ƙuli. Nan ake zaman suna, nan ake karɓar gaisuwa, nan ƙungiya take shimfiɗa tabarma ranar zubi.

Kafin mu kai ga ado, bari mu taɓa maganar kuɗi, don a nan ne ƙafa take zamewa. Idan biki ya matso ko salla ta gabato, sai ka ji mace ta nemi rance a asusu don ta sayi kujerun roba da ledar shimfiɗa. To mu yi lissafi tare. A ƙungiyoyi da yawa ribar rance kashi goma cikin ɗari ce a wata. Wadda ta ɗauki jika ashirin, jika biyu take ɗorawa duk wata, kuma kujera ba ta haihuwa, ba ta ƙwai, ba a kai ta kasuwa ta dawo da riba. Ranar ƙasar nan ba ta raga wa roba: ta kwana biyu a waje sai ta yi fari ta bushe, wata rana baƙuwa mai jiki ta zauna ƙafa ta ɓalle. Kujera ta tafi, bashi yana nan. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, abin da ya riƙe asusu shi ne rance ya shiga sana'a ya fito. Mu a ganinmu gyaran gida aikin kuɗin rabo ne, ko ɗan abin da aka ware daga ribar sana'a, kuma mafi yawansa ma ƙarfi yake ci, ba kuɗi ba.

Abin da za a fara dubawa shi ne hanyar ruwa, ko da yake ba shi ne mai daɗin kallo ba. Ba mu manta da damanar 2024 ba, yadda gidaje suka zube a Maraɗi, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi a farkon watan Satumba. Ginin ƙasa daga ƙasa yake mutuwa. Ruwan da ya kwanta a gindin katanga yana jiƙa ta sannu a hankali, sama tana nan kamar lafiya lau, ƙasa ta zama kunu. Saboda haka a zagaya gida a duba inda ruwa ya bar alama. A buɗe wuriya, a fidda leda da tsummokaran da suka toshe ta. A cike gindin katanga da ƙasa mai ƙarfi, a yi mata gangara yadda ruwa zai gudu ya bar bango. Inda indararo yake zubowa a jera duwatsu ko fasassun tukwane don kada ya haƙa rami. Ruwan wanke-wanke kuwa a haƙa masa ɗan rami nesa da bango, a cika da tsakuwa, ya riƙa nutsewa. Da wannan kaɗai wari ya ragu, ƙuda ya ragu, agwagi ne kawai za su yi fushi.

Sai yaɓe. Yanzu ne lokacinsa, tun ruwan tabki bai ƙafe ba, tun zafin bazara bai zo ya riƙa tsaga yaɓe kafin ya kama ba. A kwaɓa ƙasa da ƙaiƙayi ko dusar ciyawa da kashin shanu ko na jaki, a bar ta ta kwana biyu uku ta ruɓa, sannan a yayyafa wa bango ruwa a yaɓa. Akwai masu ganin siminti shi ne ci gaba, su sa a shafe katangar ƙasa da shi. Mun sha ganin ƙarshen wannan: siminti da ƙasa ba su kama juna sosai, ruwa yana shiga ta tsaga ya maƙale a baya, ƙasa ta narke a ɓoye, wata rana ɓawon ya ɓamɓaro gaba ɗaya. Wadda ba ta da halin a yi mata shi a hannun magini na ƙwarai, yaɓen ƙasa na kowace shekara ya fi mata kwanciyar hankali.

In bango ya bushe, to ga inda ado yake shigowa, kuma ba mu da bukatar aro daga kowa. Duk wadda ta taɓa ratsa unguwar Birni a Damagaram ta ga fuskokin gidaje da zane, dagi da sauran siffofi, wasu an tono su cikin yaɓe, wasu an shafe su da launi. Ba mu ce kowace ta zama gwanar zane ba. Amma farar ƙasa a sama, jar ƙasa a gindi kamar kamu uku daga ƙasa inda yara da awaki suke goga jiki, da ɗan layin shuni a kewayen ƙofa, sun isa su canza fuskar gida. A jiƙa ƙaro a zuba cikin farar ƙasar don ta kama, kada ta riƙa bin zanen mutane. Tun yaɓe yana ɗanye ana iya jan zane da yatsu ko bakin cokali ko totuwar masara, ƴan mata sun fi mu hannu a nan, a ba su bango guda su gwada. Farar da ake saye a buhu kuwa tana cin hannu, tana da haɗari ga ido, a ɗaura leda a hannu a kori yara.

Yanzu bari mu daɗe kaɗan a kan daɓe, don shi ne abin da muke gani yana ɓacewa alhali babu abin da ya maye gurbinsa a gidan talaka. Iyayenmu ba su san ledar shimfiɗa ba, amma ƙasan ɗakinsu da bakin ƙofarsu sumul suke, ana shanya gari a kai. Ana share wuri a daidaita shi, a zuba marmara ko ƙasa mai tsakuwa, a yayyafa ruwa, mata su jeru da madaɓai suna bugu suna waƙa har ƙasa ta haɗe. Sannan a kawo makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa har ruwan ya yi ja wur ya koma baƙi-baƙi, a yayyafa, a sake bugu, a bari ya sha iska, gobe a maimaita. Inda ɗorawa ta yi wuya ana jiƙa bagaruwa, ita wadda majema suke aiki da ita. Ruwan nan shi ne yake ɗaure ƙasar ya sa ta yi ƙarfi da sheƙi. Ba dole a daɓe tsakar gida duka ba, ruwan sama da kofaton dabba za su ɓata shi. A daɓe ƙarƙashin rumfa, da madafa, da wurin randa. Mai tuyar ƙosai ko mai ƙulla garin yaji ta san bambancin aiki a kan daɓe da aiki a kan rairayi: abin da ya zuba ana kwashewa, ƙasa ba ta shiga abinci, mai saye kuma da ido yake fara saye. In akwai tsohuwa a unguwa da ta iya, a je a ɗauko ta da goronta, ta zauna kan kujera tana ba da umarni. Ilimin nan a kanta yake, ba a rubuce ba.

Rumfa ita ce falon mace. Abokin gabanta gara. Kafin a kafa dirka a babbake gindinta a wuta har ya yi baƙi, a zuba toka a ramin. Wasu suna shafa baƙin man mota, yana aiki, amma a tsaya a sashen da zai shiga ƙasa, kada a shafa inda yara suke kamawa. Dirkar da ta ruɓe daga gindi kawai ba a yar da ita, a yanke ruɓaɓɓen a mai da ita wurin da ba ya son tsawo. Kada kuma a tura yaro daji ya saro ɗanyen itace, rigima da ma'aikatan gandun daji ta fi kuɗin dirka tsada. Sama a shimfiɗa sabuwar zanar gamba ko karan dawa, tsohuwar a sauko da ita ta zama shingen awaki. Kwano yana daɗewa, gaskiya ne, amma duk wadda ta zauna ƙarƙashin rumfar kwano a watan Afrilu ta san gashi ake yi. In kwanon ne da ke, a ɗora masa kara a sama.

Kujerun ƙarfe masu saƙar igiya, waɗanda kusan kowane gida yake da gawarsu a bayan ɗaki, su ne suka fi saurin tashi. Ƙarfen ne mai tsada, kuma shi yana nan. A warware tsohuwar igiya, a goge tsatsa da yashi da tsumma ko burushin ƙarfe, inda ya karye a kai wa mai walda ya ɗiga. A shafa fenti siriri a bari ya bushe a inuwa, a sake shafawa. Ƙaramin gwangwani yana isar kujeru da dama. Sannan a sayo igiyar roba kala biyu a kai wa masu saƙa, ko a zauna kusa da su a koya, don ba wani asiri ba ne, jan igiya ne da ƙarfi da kiyaye ƙidaya. Mace biyu a ƙungiya in suka iya, sun sami sana'a. Sai dai a yi wa kujerun alama a ƙarƙashi da fenti, don samarin fada in suka ara ba su san hanyar dawowa ba.

Sauran kayan ba su da wuya. Kujera ƴar tsugunno a kankare ta a shafa mata man gyaɗa kaɗan. Turmin da ya tsage a kife shi ya zama mazauni ko wurin ajiye tire. Dakalin ƙasa a jikin bango, in an yaɓe shi an shimfiɗa tabarmar kaba irin ta Madawa, ya ɗauki mutum biyar babu ko dala. Randa kuwa, ko ta Mirya ce ko ta maginan garinku, a yi mata gurbi da rairayi mai ɗauri a inuwa, da murfi da moɗa a rataye, kada a bar moɗa a ƙasa.

Shuka tana gyara gida, amma a nan muna da ja da abin da ake yayi. Tsofaffin tayoyi da aka shafa wa fenti suna da kyau a ido, sai dai tayar da aka bari da rami ruwa yake kwanciya a ciki, kuma nan sauro yake zuba ƙwai. Mu da muke kwana asibiti da yara a watan Agusta da Satumba ba mu da bukatar kiwon sauro don ado. In za a yi amfani da taya a huda ta, a cika ta da ƙasa dam. Haka bidon da aka yanka don shuka na'ana'a ko tattasai, a huda gindinsa, kuma kada a kusanci wanda aka taɓa zuba maganin ƙwari a ciki. Mu dai mun fi son shukar da ake ci ko ake sayarwa: zogale kusa da wurin alwala, lalle a jikin shinge, gwanda inda ruwa yake bi. Bedi yana da inuwa, amma saiwarsa tana tafiya, a nisanta shi da bango da bakin masai. Kowace shuka a kewaye ta da ƙaya ko tsohon kwando, in ba haka ba akuya ta gode.

Tsakar gida ba ta mutum ɗaya ba ce, wannan ma sai an kiyaye. Inda akwai abokiyar zama, ko matan ƴan uwan miji, kada a wayi gari a ga kin shafe bangonki fari fat kin tsaya daidai iyakar ƙofarta. Fitina ce kika saya da kuɗinki. A zauna a yi shawara, a gaya wa maigida tun da wuri, musamman abin da ya shafi katanga da rumfa, don ɗauko ƙasa da amalanke da hawa sama nasu ne. Masu zaman haya a Yamai ko Tawa ko cikin garin Maraɗi, ku sa kuɗinku a abin da za ku iya ɗauka ranar tashi: kujera, tabarma, asabari, shuka a bido. Gyaran bango da hanyar ruwa a yi magana da mai gidan a gaban shaida, a ji ko zai cire daga kuɗin haya, kafin a taɓa komai.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce gayya, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiya mai mata ashirin da biyar ta kasu gida biyar, kowane rukuni ya ɗauki gida ɗaya a mako, ranar da ba ta kasuwa ba kuma ba ta zubi ba. Mai gida ta tanadi ƙasa da ruwa, ta jiƙa makubarta kwana biyu kafin ranar, ta dama fura ko kunu. Masu zuwa kowace ta riƙo madaɓinta da tsintsiya da tsohon zane. Fenti da burushi a saya tare a riƙa zagayawa da su, a wanke burushin da kananzir a ajiye wurin ma'ajiya. A fara da gidan gwauruwa da na tsohuwar da ba ta da mai taimako, sai gidan da ake zubi. In an fara a watan Nuwamba, kafin sanyi ya fita an zagaye kowa.