Kwamfutar da Aka Gina da Memori Mai Rabin Rai

Mai karatu, a ce kana kasuwar Gummi aka miƙo maka kabewa a kuɗi kaɗan, aka ce gefe ɗaya ya ruɓe, ɗaya gefen lafiya ƙalau. Za ka saya, ko za ka kau da kai? Wani Bature a Ingila ya ci karo da irin wannan ciniki, sai dai shi ba kabewa aka tallata masa ba.

Sunansa Clive Sinclair, mai kamfanin Sinclair Research a Cambridge a wancan lokaci. Burinsa ya ƙera kwamfutar da mai ƙaramin ƙarfi zai iya saya wa ɗansa. A 1981 ya fitar da ZX81 mai memori 1K kacal, wato harafi 1,024, abin da bai cika shafin littafi ba. Jama'a suka saya, suka kuma dawo suna neman ƙari. Memori kuwa a lokacin tsada yake kamar me. In kai ne, ina za ka samo shi da araha?

Amsar tana cikin kayan da masana'antu suka ƙi. Kamfanoni irin su Texas Instruments na Amurka da OKI na Japan a lokacin suna buga ƙwayoyin memori masu gurbi 65,536 kowace. Bayan bugu sai a gwada, kuma ba a rasa waɗanda suka faɗi gwaji. A cikinsu akwai masu lahani a rabi ɗaya kawai, ɗaya rabin kuwa garau. Wa zai sayi ƙwayar da ta faɗi jarrabawa?

Sinclair ya saya. Ƙwaya takwas masu cikakkiyar lafiya suna ba da 64K. Takwas masu rabin rai kuwa 32K suke bayarwa, daidai abin da yake nema. Ya ɗora su a kan 16K na asali da ke cikin sabuwar kwamfutarsa, lissafi ya tashi 48K cif.

Dubi yadda aka yi dabarar. Kowace ƙwaya an yi mata alama da ke nuna wane rabi ne mai kyau, na sama ko na ƙasa. Dole takwas ɗin su zama jinsi ɗaya. Sai a liƙa 'yar guntuwar waya da dalma a jikin injin, ita ce ke gaya wa kwamfutar wane rabi za ta taɓa. Rabin da ya mutu yana nan kwance a ciki, amma har abada ba a aika masa ko harafi ɗaya. To, kasuwa ta karɓa?

A watan Afrilun 1982 kwamfutar ta fito da sunan ZX Spectrum: mai 16K fam 125, mai 48K fam 175, alhali kwamfutar BBC Micro ta wani kamfani mai 32K ta haura fam 300. An sayar da Spectrum kusan miliyan 5. Yara da yawa a Birtaniya a kanta suka koyi rubuta manhaja, galibinsu ba su san abin da ke ƙarƙashin murfin ba. A 1983 aka ba Sinclair lambar girma ta Sir.

Ha'inci ne? Ni dai na ce a'a, kuma da gaske nake. An yi wa mai saye alkawarin 48K, ya kuma samu 48K mai aiki. An gano inda cutar take, an killace ta, an faɗi iya abin da ya rage ba ƙari.

Gwada wannan da jabun memori da ke yawo a kasuwannin waya. A jiki an rubuta 64GB, waya ma ta nuna haka, amma da ka zuba hotunan biki suka wuce ɗan abin da yake iya ɗauka, sai su lalace. Duk mai gyaran waya a Anka ko Bukkuyum ya san kukan masu irin wannan asara. Mai karatu, da kayan nan masu rabin rai sun faɗo hannunka, 32 za ka rubuta a jiki, ko 64?