Notari: Aikinsa, Sharuɗɗan Naɗinsa, da Sunan da Ya Dace da Shi a Hausa

Takarda ba ta iya rantsuwa. In wani ɗan kasuwa a Kano ya rubuta wakilci ya aika wa ɗan'uwansa a Jidda don ya sayar masa da gida, ma'aikacin da takardar ta isa gabansa bai san marubucin ba, bai san hannunsa ba, ba shi kuma da hanyar kiransa ya tambaye shi. Domin toshe wannan kafa ne dokokin ƙasashe da yawa suka keɓe wani mutum suka ce in ya sa hannu ya buga hatiminsa, a karɓi maganarsa ko a ina ba sai an nemi wani shaida ba. Shi ne Turawa ke kira notari.

Asalin kalmar daga Latin ya ke. Nota ita ce alama, notarius kuwa shi ne magatakardan da ke ɗaukar jawabi da gajerun alamomi a ƙasar Rum. Waɗanda ke rubuta wa jama'a takardun ciniki da wasiyya sunansu dabam ne, tabelliones, kuma Sarki Justiniyan ya tsara aikinsu da doka cikin ƙarni na 6. Daga baya sunan na farko ya haɗiye aikin na biyu. A birnin Bolonya na Italiya ne sana'ar ta zama ilmi mai zaman kansa, inda Rolandino ya wallafa littafinsa a kanta a tsakiyar ƙarni na 13, aka yi ta karanta shi shekaru aru-aru.

Aikin notari na yau da kullum ba shi da wuyar faɗi. Ya kan tabbatar cewa mutumin da ke gabansa shi ne wanda ya ce shi ne, cewa yana cikin hankalinsa, ya fahimci abin da zai sa wa hannu, kuma ba tilasta shi aka yi ba. Ya kan rantsar da mutum a kan bayanin da ya rubuta, ya kan shaida cewa kofe ya yi daidai da takardar asali, ya kan kuma rubuta abin da ya yi cikin littafin da ya ke ajiyewa. Akwai wani tsohon aiki na 'yan kasuwa da ya rage a hannunsa har wa yau: in aka kai wa mutum takardar umurnin biyan kuɗi daga wata ƙasa ya ƙi karɓa ko ya ƙi biya, notari ne ke rubuta shaidar ƙin nan, da ita mai kuɗi zai bi hakkinsa. Haka nan shugaban jirgin ruwa, in hadari ya ɓata masa kaya a teku, gaban notari ya ke zuwa ya ba da bayani da zarar ya iso tasha.

Amma fa sunan guda ne, muƙamin ba guda ba ne, nan kuwa mai fassara ke tuntuɓe.

A Faransa, dokar da aka kafa a 1803 zamanin Nafoliyon ita ce tushen tsarin. Notari a can masanin shari'a ne wanda Ministan Shari'a ke naɗawa, ba shi kuma haɗa wannan muƙami da tsayawa wa mutane a kotu. Shi da kansa ke tsara takardar, ya bayyana wa ɓangarorin biyu abin da ke cikinta ba tare da ya karkata ga ɗayansu ba, sa'an nan ya riƙe asalin a ofishinsa har shekara 75 kafin a kai ta ma'ajiyar hukuma. Abin da ya rubuta cewa ya gani ko ya ji da kansa hujja ne, ba a rushe shi sai da ƙara ta musamman wadda ke tuhumar takardar da jabu. Har ma in takardar bashi ce, mai bin bashi ya kan iya zartar da ita kamar hukuncin alƙali. Cinikin gida da jingina da kyautar dukiya duk ta ofishinsa su ke bi. Wannan tsari ne Jamhuriyar Nijar ta gada, saboda haka Bahaushen Maraɗi da na Katsina in suka ambaci kalmar ba abu ɗaya su ke nufi ba.

Ingila ta bi wata hanya mai ban mamaki. A 1279 Fafaroma ya ba Babban Bishop na Kantabari iznin naɗa notari. Da Sarki Henri na Takwas ya raba gari da Rum, dokar 1533 ta bar ikon a hannun Babban Bishop, kuma ofishinsa ne ke naɗin har yanzu, ko da ya ke aikin ba shi da sauran alaƙa da addini. Dokar 1801 ta shar'anta koyon aiki na shekara 7 a ƙarƙashin wani notari. A yau galibinsu lauyoyi ne da suka ƙara karatun shekara 2, wanda ya ƙunshi shari'ar Rum da hukuncin saɓanin dokokin ƙasashe, sa'an nan a sa musu ido a farkon aikinsu, su kuma riƙe inshora don biyan wanda kuskurensu ya cutar. Ba su kai dubu ɗaya ba a Ingila da Wales duka, gama aikinsu kusan duk na takardun da za su ƙetare teku ne. Wani rukuni nasu a Landan, wanda shi kaɗai ke da iznin aiki a tsakiyar birnin kafin dokar 1999, ba ya karɓar mutum sai ya ci jarrabawar harsuna biyu na waje. Wannan sharaɗi ya cancanci malaman harshe su lura da shi.

A Amurka kuwa abin ya sauƙaƙa ƙwarai. Kowace jiha ke naɗa nata, kuma ba a bukatar ilmin lauya. A Kalifoniya, misali, darasin sa'a 6 ne da jarrabawa da lamunin dala 15,000, a ba mutum izni na shekara 4. Iyakar aikinsa ya duba shaidar mutum, ya rantsar da shi, ya buga hatimi. Da ya ke baƙi masu jin Sifaniyanci sun saba da notario mai cikakken ilmin shari'a a ƙasashensu, waɗansu sun yi ta cutarsu da wannan suna, har dokar jihar ta hana notari ya fassara muƙaminsa kai tsaye zuwa notario publico a tallarsa. Ga doka ke nan da aka kafa musamman saboda kuskuren fassarar kalma guda.

Nijeriya tsarin Ingila ta ɗauka, ta cire hannun coci. Dokar 1936 ta ba Babban Jojin ƙasa ikon naɗa lauyan da ya ga ya cancanta. Wanda aka naɗa ya kan yi rantsuwa, a shigar da sunansa cikin rajistar da ke Kotun Ƙoli, a lissafta shi cikin ma'aikatanta, ita ce kuma ke iya dakatar da shi ko ta soke sunansa. Ba ya aiki a al'amarin da ya ke da rabo a ciki, kuma in ya ga alamar zamba wajibi ne ya ƙi. Sabuwar doka ta 2023 ta maye gurbin waccan, ta yarda da hatimin lantarki da kuma ganawa da mai takarda ta na'urar da ke ɗauke da hoto da murya. Ya kamata a bambanta shi da kwamishinan rantsuwa da ke zaune a kotu, wanda aikinsa karɓar rantsuwar da za a yi amfani da ita cikin ƙasa. Hatimin notari kansa ba kullum ya ke isa ba: sau da yawa sai Ma'aikatar Harkokin Waje ta shaida takardar, ofishin jakadancin ƙasar da za ta je shi ma ya shaida.

Kada a ɗauka cewa ra'ayin baƙo ne ga malaman ƙasar Hausa. Aya ta 282 cikin Suratul Baƙara ta yi umurni a rubuta bashi a kafa masa shaidu. Da ya ke a fiƙihu hujja tana ga shaidu adilai fiye da takarda, alƙalai tun ƙarni na 2 na Hijira suka fara tantance waɗansu mutane su zama shaidu na dindindin, watau udul, su ne kuma suka zama marubutan takardun yarjejeniya. Malikawan Andalus da Magrib sun yi fice a wannan fanni. Ibnul Aɗɗar na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1009, ya tara samfuran takardu cikin littafi, Wansharisi kuma, wanda ya rasu a 1508, ya rubuta Al-Manhajul Fa'iƙ a kan ladubban marubuci da hukunce-hukuncen takardu. A Maroko har yau adilai biyu ne ke rubuta takardar aure da ta gado, alƙali ya tabbatar. Kalmar wasiƙa ma daga nan ta fito, domin wathiƙa a Larabci takardar hujja ce, Hausa ce ta faɗaɗa ma'anarta har ta zama kowane saƙo a rubuce.

To, da wane suna za a kira shi? Magatakarda bai yi ba, gama shi bawan ubangidansa ne, notari kuwa ba na kowa ba ne. Muhuti mataimakin alƙali ne, yana zaune a inuwarsa. Shaida ya yi faɗi da yawa, lauya kuma ya ɓatar da mai karatu a Nijar da Amurka. Mai tabbatar da takardu ya bayyana aikin Nijeriya da na Ingila sosai, amma ya rage wa na Faransa daraja, tun da shi tsara takardar ya ke yi ba tabbatarwa kaɗai ba. Abin da ya fi kusa da daidai shi ne a ari kalmar a ce notari, kamar yadda aka ari joji da lauya suka zauna, a bi ta da gajeren bayani a farkon ambatonta, a kuma faɗi ƙasar da a ke magana a kai. Jam'inta kuwa, bisa ƙa'idar da ta ba da lauyoyi daga lauya, notarori ne zai fi sauƙi a bakin Bahaushe.